Ledar Jini Mai Lamba, Ba Suna

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka buga mini ƙofa, bugu irin na wanda ya rasa inda zai sa kansa. Da na buɗe sai na ga maƙwabcina a tsaye, takalman ƙafarsa ma ba iri ɗaya ba ne, wayarsa tana ta ruri a hannu bai ko kula ba. Shekara shida katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ban da gaisuwar safe da ta yamma babu abin da ya taɓa haɗa mu.

"Malam, ka yi haƙuri na tashe ka. Maiɗakina ta sauka, amma jini ya ƙi tsayawa. Likita ya ce a nemo mutum uku da za a ɗebi jininsu. Ni an auna ni an ce jinina ya hau, ba za su ɗiba ba."

Na ce masa bari in sa riga. Bakina ne ya amsa kafin zuciyata, domin ina shiga ɗaki gabana ya faɗi. Ban taɓa ba da jini ba. Tun ina yaro nake jin ana cewa wanda aka ɗebi jininsa ba ya komawa daidai, ƙarfinsa raguwa yake yi, wasu ma su ce jinin da ya fita ya fita ke nan. Ban taɓa zama na bincika ba, na dai ajiye maganar a raina har ta zauna daram. To amma ga mutum a ƙofata, matarsa rai a hannun Allah. Na duba duk uzurin da zan iya kawowa, ban sami ko ɗaya da ni kaina zan yarda da shi ba idan gari ya waye.

Kafin in fito layinmu ya farka. Wani dattijo da ke can ƙarshen layi ya riga ya tayar da motarsa. Babu wanda ya roƙe shi, motsi ya ji ya leƙo. Wata tsohuwa da kowa yake kira Inna ta shige gidan maƙwabcin nawa ta zauna wurin yara biyun da aka bari suna barci, don kada su farka su ga ba kowa. Wani ɗalibi da ke haya a gidan da ke kallon nawa ya faɗo motar yana ɓalla maɓallin riga. Na ukunmu abokin aikin mijin ne, a can muka same shi. Har muka isa babu wanda ya ce uffan, sai dattijon da yake ta maimaita, "Za ta tashi da yardar Allah."

A zatona da mun shiga za a kwantar da mu, a soka allura, a ruga da jinin wurinta. Sai aka nuna mana benci. Wata nas mai ɗan shekaru ta kira mu ɗaya bayan ɗaya zuwa wani ƙaramin ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ɗauko takarda. Shekarunka nawa? Ka ci wani abu da daren nan? Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Kana shan wani magani? An taɓa yi maka tiyata ko ƙarin jini? Ka taɓa yin shawara, idonka ya yi ɗorawa? An huda maka fata da wani abu a 'yan watannin nan? Daga nan ta sassauta murya ta yi wasu tambayoyin da ba a yi wa mutum a gaban jama'a. Ni kuwa raina yana wurin agogon bango. Na kasa daurewa na ce, "Sista, mace tana can tana zubar da jini, mu kuma muna nan muna cike takarda."

Ta ajiye biro ta dube ni. "Ɗan'uwa, akwai masu kula da ita, ba a bar ta ba. Ni aikina in tabbatar abin da za mu karɓa daga jikinka bai cuci wanda za a sa wa ba. Ka amsa mini tsakaninka da Allah."

Daga baya na fahimci nauyin wannan magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ledar jini sai an gwada ta a kan cututtuka huɗu kafin a sa wa wani: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. Sai dai cutar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya ɓuya wa gwaji na wasu kwanaki ko makonni. Saboda haka amsar da mutum ya bayar a wannan ƙaramin ɗaki ita ce rariya ta farko, na'ura ta biyu ce. Wanda ya ɓoye gaskiya don kunya, ko don yana ɗokin taimako, yana iya kai wa marar lafiya ciwon da ya fi wanda ya kwantar da shi. Tun daga ranar ban sake ganin tambayoyin nan a matsayin ɓata lokaci ba.

Ta ɗora ni a sikeli, domin wanda bai kai kilo 50 ba ba a ɗibar nasa. Ta auna hawan jini da bugun zuciya. Ta tsaga kan yatsana da wata 'yar allura, ta ɗebi ɗigo guda ta sa a na'ura don a ga yawan himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Namiji ana so ya kai giram 13 a kowace desilita, mace kuma ƙasa da haka kaɗan. Nawa ya wuce. Dattijon da ya kawo mu ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa ma, aka ce masa, "Baba, Allah ya saka, amma shekarunka sun wuce 65, zauna ka huta." Ransa bai so ba. Ya koma mota ya kawo cajar waya ya ba mijin, wanda wayarsa take gab da mutuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ɗakin gwaji ya faru. Ma'aikacin ya ɗiga jinina wuri uku a kan wani farin faranti. A ɗigo na farko ya zuba wani ruwa shuɗi, a na biyu ruwan ɗorawa, a na uku wani marar launi, ya jujjuya kowanne da tsinke. Na sunkuya ina kallo. Na farko bai motsa ba, yana nan sumul. Na biyu ya fara tsinkewa yana dunƙulewa, kamar yashi a cikin ruwa. Na uku ma haka.

"Kai rukunin jininka B ne, mai alamar tarawa," in ji shi. "Ita kuma O ce. Naka ba zai shige ta ba."

Jikina ya yi sanyi. Na tashi tsakar dare, na danne tsorona, na amsa tambayoyin da ban taɓa amsa wa kowa ba, ashe jinin ma ba zai yi mata amfani ba. Ya ga fuskata, sai ya yi mini bayani a taƙaice. Dunƙulewar da na gani a farantin ita ce za ta faru a cikin jijiyoyinta idan aka sa mata nawa, kuma hakan kisa yake yi. Mai rukunin O jininsa yana shiga sauran rukunai, amma shi ba ya karɓa sai daga O ɗan'uwansa. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, shi ya gano waɗannan rukunai a 1901, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a kai a 1930. Kafin shi ƙarin jini caca ce da rai: wani ya tashi, wani ya mutu nan take, ba a san dalili ba.

Na ce, "To yanzu ya za a yi da ita?"

Ya jawo ni gaban wani firji mai ƙofar gilashi. A samansa lamba 4 tana haske, ya ce jini tsakanin digiri 2 zuwa 6 ake ajiye shi. A ciki ledoji ne jere, ja mai duhu, kowace da takarda manne a jikinta. Ya nuna mini wani gurbi da ba komai.

"Leda biyu na O da suke nan an riga an hau da su tun kafin ku iso. Ɗaya ta ƙare, ta biyu ce take shiga yanzu. Da jiran ku aka yi, kafin a ɗiba, a gwada, a haɗa da nata a ga sun dace, da wani labarin ake yi."

Ya buɗe rajista ya sa yatsa a kan layin. Babu suna, lamba ce kawai da kwanan wata. Na ƙirga: kwana goma sha biyu da suka wuce. Wato a wata rana da ba a yi hatsari ba, ba a buga wa kowa ƙofa ba, wani mutum ya bar harkokinsa ya zo ya kwanta a gadon nan, ya tashi ya tafi. Bai san matar maƙwabcina ba, ranar ma cikinta lafiya lau take ɗauke da shi. Shi ne yake riƙe da ranta a daren nan, mu da muka zo a guje muna haki gurbinsa kawai za mu cike.

"Nawa fa?" na tambaya.

"Naka zai zauna nan ya jira mai shi."

Aka kwantar da ni a wani gado mai ɗagaggen kai. Nas ɗin ta ɗaure mini dantse, ta laluba gwiwar hannuna ta ciki da yatsa biyu har ta sami jijiyar da ta gamsu da ita, ta goge wurin da magani mai sanyi, ta jira ya bushe. Ta farke sabuwar leda a gabana, allurar a haɗe take da ita, sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Allurar ta fi ta allurar magani kauri, ba zan ɓoye ba. Ta ce in ja numfashi. Zafin bai wuce na ƙiftawar ido biyu ba, daga nan sai wani ɗan nauyi a hannu. Ta sa mini ƙwallon roba a tafi ta ce in riƙa matsawa ina saki. Na juya na ga jinin yana bin siririn bututu, ya fi yadda nake zato duhu, kuma inda bututun ya kwanta a kan fatata ina jin ɗuminsa. Ledar tana kan wani ƙaramin sikeli da ke rausaya hagu da dama, don jinin ya gauraya da sinadarin da ke hana shi daskarewa. Wannan ɗumin ne ya kore mini tsoro. Na daina tunanin abin da yake fita daga jikina, na koma tunanin inda zai je.

Minti tara ko goma, na'urar ta yi ƙara. Mililita 450 ke nan. Babban mutum yana da wajen lita 5 a jikinsa, saboda haka abin da aka ɗiba bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Nas ɗin ta ce mace idan ta zubar da mililita 500 bayan haihuwa ana ɗaukar abin a matsayin haɗari, kuma zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. Na dubi ledar da take riƙe da ita a tafin hannu ɗaya. 'Yar wannan ce tazarar.

Ta danna auduga, ta manna filasta, ta hana ni tashi. Na ga kamar lafiyata ƙalau, na yunƙura, sai ɗakin ya ɗan juya. Ta maida ni, ta ɗaga ƙafafuna, ta ba ni ruwa, kafin minti goma jirin ya wuce. Ta ce yau kada in ɗauki kaya mai nauyi, in yawaita shan ruwa. Cikin mu uku ɗalibin nan ne ya dace, shi O ne, kuma nasa ne ya zama leda ta uku da aka sa mata da hantsi bayan an gama gwaje-gwaje.

Ta tashi. Kwana huɗu aka sallame ta da 'yarta. Mahaifiyar mijin ta zo har gida ta kama hannuna biyu tana hawaye, "Ɗana, jininka yana jikin surukata, Allah ya yi maka albarka." Na ce, "Mama, nawa bai shige ta ba, na wani bawan Allah ne da ba mu sani ba." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To shi ma Allah ya san shi. Kai ma ka tashi da aka kira ka."

Kwana biyu na yi ina sauraron jikina, ina jiran raunin da aka daɗe ana ba ni labari. Shiru. Na karanta na ga dalili: ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Ɓargo dama bai taɓa hutawa ba, yana ƙera wajen ƙwaya miliyan 2 a kowace daƙiƙa, domin kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu, ko ka bayar ko ba ka bayar ba. Abin da ya fi jinkirin dawowa shi ne sinadarin ƙarfe, shi ya sa ake sa tazara. A inda na bayar wata uku suka ce ga namiji, huɗu ga mace. Na kuma ga abin da ya hana ni sakewa: jinin da aka ajiye kwana 35 yake yi, ko 42 gwargwadon sinadarin da ke ledar, daga nan sai a zubar. Firjin nan ba rumbu ba ne da za a cika sau ɗaya a huta. Idan mutane ba su zo ranar da babu abin da ya faru ba, ranar da abu ya faru gurbi za a tarar.

Wata uku suna cika na koma da ƙafata. Karo na uku an maido ni saboda ban daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, na jira na sake komawa.

Sai dai abin da ya riƙa damuna shi ne yadda maƙwabcina ya yi ta buga ƙofofi cikin duhu bai san wa zai dace ba. A karance-karancena na ci karo da labarin wani mutum a Landan, Percy Oliver, wanda ba likita ba ne, ɗan sa-kai ne na ƙungiyar Red Cross. A 1921 wani asibiti ya kira yana neman mai ba da jini da gaggawa, ya tafi da abokan aikinsa, ɗaya daga cikinsu ta dace. Daga nan ya fara rubuta sunayen mutanen da aka san rukuninsu kuma suka yarda a kira su kowane lokaci ba tare da an biya su ba, yana gudanar da aikin daga gidansa da wayar tarho. Na ce wannan ai bai fi ƙarfina ba. Na sayi ƙaramin littafi na fara bi gida-gida.

Ba abu ne mai sauƙi ba. Wasu sun ce za su yi shawara, har yau suna yi. Wani ya tambaye ni ko sayar da jinin ake yi a bayan idonmu. Wata ta ce mijinta ba zai bari ba. Ban yi musu da kowa ba, domin jiya-jiya ni ma a wurin nake. Abin da na ga yana aiki shi ne in nuna gwiwar hannuna, in ce ga ni, sau kaza na bayar, in kuma ce idan mutum ya shirya zan raka shi. Rakiyar nan ta fi duk wani bayani. Mutum ba ya son ya shiga wurin da bai sani ba shi kaɗai.

Akwai darasin da na koya da ciwo. A rukunin farko da na raka, mu shida, an kira mutum ɗaya gefe bayan kwana biyu. Da muka haɗu na tambaye shi a gaban mutane yaushe zai sake komawa. Ya sunkuyar da kai ya ce shi an ce kada ya ƙara. Wurin ya yi tsit, na ga idanu sun koma kansa. Ni na jawo masa, da tambayar da na yi ba tare da tunani ba. Da dare na same shi na ba shi haƙuri. Shi da kansa ya gaya mini abin da aka gani, ya ce yana zuwa asibiti ana duba shi, kuma da bai bi mu ba da bai sani ba sai abin ya yi nisa. Tun daga ranar muka kafa doka: wanda aka maido ba a tambayarsa dalili, ba a kuma rubuta komai a gaban sunansa. Dalilan maido mutum suna da yawa, daga ƙarancin nauyi zuwa shayarwa zuwa maganin da yake sha, kuma babu wanda ya shafi kowa sai mai shi.

Shi ne ma ya kawo shawarar a buɗe shafi na biyu a littafin, na waɗanda ba za su iya ba da jini ba amma suna da abin bayarwa. Sunansa ne na farko: ya ce a kira shi kowane dare zai yi jinya. Dattijon nan ya sa a rubuta motarsa. Inna ta ce ita yara ne aikinta. Wata malamar makaranta ta ɗauki nauyin tuna wa kowa ranar da watanninsa suka cika. Yanzu shafi na biyu ya fi na farko tsawo, kuma shi aka fi buɗewa, domin ba kullum ake neman jini ba, amma kusan kowane mako akwai wanda yake bukatar a kai shi, a zauna da shi, ko a riƙe masa yaro na awa biyu.

Maƙwabcina kuwa, hawan jinin da aka gano masa a daren nan ya bi shi da magani har ya daidaita. Ranar 14 ga Yuni, wadda ake kira ranar masu ba da jini ta duniya saboda ita ce ranar haihuwar Landsteiner, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da rana tsaka, takalmansa iri ɗaya.

"Malam, likita ya ce yanzu zan iya. Za ka raka ni?"

Nas ɗin nan muka tarar. Ta shiga da shi ƙaramin ɗakin ta rufe ƙofa, na zauna a benci na jira. Da aka kwantar da shi na ja kujera kusa da kansa. Ya runtse ido da allurar ta shiga, na ce masa ya riƙa matsa ƙwallon yana saki. Can ya buɗe ido ya juya yana kallon bututun. Shi A ne. Da na'urar ta yi ƙara, ta ɗaure bututun ta manna takarda mai lamba, ya ɗago kai ya ce, "Sista, wa za a sa wa?"

Ta ce, "Sai mai shi ya zo."

Ya bi ledar da kallo har aka fita da ita. Ya yunƙura zai tashi, na dafa kafaɗarsa na ce ya ƙara minti goma.